Shaidun Injin Tace Iska

Inna ba ta taɓa sayen akuya ba sai ta san gidan da aka haife ta. Don haka ranar da ta ce in saya mata inji daga cikin waya, na san na haɗu da aiki.

Ɗiyata ta fari tana hannun Inna a Bagega tun daga yaye. Sunan Inna ta ci, ita kuma Inna "takwara" take ce mata. Ni ina koyarwa a Gummi. Bayan gubar dalma ta yi wa Bagega ɓarnar yara, an zo an kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa, an ba yara magani, muka ce an gama. Ashe da saura. An mayar da injinan niƙa dutsen zinari bayan gari, amma maza suna dawowa gida da ƙurar a riga da gashin kai. Da aka sake auna jinin yarinyar, likita ya ce in ina da inda zan kai ta, in kai ta. Na iso gida da niyyar tafiya da ita.

Inna ta riga ni shiri. Ba ta kiran sunana, don ni ne ɗan fari.

"Kai yaro," ta ce, "na ga wani abu Anka, shagon mai sayen zinari. Ɗan hwarin akwati mai shuɗiyar wuta. Ya ce mani ƙura yaka ci. Ka sawo shi a aje ɗaka, takwara ta zamna."

Na ce mata babu wutar lantarki a garin. Ta ce ta riga ta gama magana da mai cajin waya na bayan katanga, zai jefo mata wayar wuta ta sama. Na ce ɗakinta ba shi da ƙyaure sai asabari. Ta ce ai ƙurar ma ta asabarin take shigowa, ta nan za su haɗu da injin. Raina ya ɓaci, amma ba a yi wa Inna tsawa. Na ce to bari mu ji abin da waɗanda suka saya suke cewa, don a shafin da ake sayar da shi kowane mai saye yana rubuta ra'ayinsa ya ba da taurari, ɗaya zuwa biyar. Muka yi alkawari: in shaida ta tabbata yana aiki, yarinya ta zauna, in ba ta tabbata ba, ta bi ni.

Kalmar shaida ce ta jawo mana Kawu. Ƙanen Inna ne, ya tsufa yana aikin masinja a kotun alƙali a Bukkuyum, aikinsa kiran shaidu daga bakin ƙofa. Tun da ya ajiye aiki ya koma Adabka, ko kaji ne suka yi faɗa sai ya ji ta bakin kowace. Inna ta aika masa, ya taso a kan babur cikin wannan muguwar hanya, da rawani.

Sabis ba ya samuwa a gidanmu sai a kusurwar rumbu, shi ma sai ka hau wani abu. Aka kife mini turmi na hau, na ɗaga waya sama. Su biyu suka zauna a tabarma a ƙasana. Ni malamin makaranta guda, da gemuna, ina tsaye a kan turmi ina fassara Turanci, takwara tana zagaye ni tana dariya.

"Kira shaida na hwarko," in ji Kawu.

Na karanta. Taurari biyar, ya ce injin ya canja masa rayuwa.

"Ɗan wa na?" in ji Inna.

Na ce babu sunan uba, ko nasa sunan ma haruffa ne da lambobi. Kawu ya ce a nuna masa fuskar mutumin. Na sunkuyo da waya. Hoton kare ne, da jan ƙyalle a wuya. Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a duk zamansa a kotu ba a taɓa rantsar da kare ba, a wuce.

Na biyu ma taurari biyar. Ya ce kaya sun iso da wuri, kwalin yana da kyau, bai buɗe ba tukuna.

"Bai buɗe ba?"

"Bai buɗe ba, Kawu."

"To shaidar kwali ya zaka yi. A sallame shi."

Daga nan na karanta uku a jere, sai Kawu ya ɗaga hannu ya ce in maimaita. Duka ukun sun ce iskar ɗakinsu ta koma kamar ta kan dutse bayan ruwan sama, kalma ba ta sauya ba. Kawu ya yi murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ya ce waɗannan a zaure ɗaya aka koya musu magana, masu gaskiya ba sa faɗin abu iri ɗaya, dole wani ya ce da hantsi wani ya ce da azahar. Wata kuma ta rubuta cewa kyauta kamfanin ya ba ta don ta faɗi ra'ayinta. Kawu ya ce Allah ya saka mata da ta faɗa da bakinta, amma ta koma waje. Gaskiya a nan na fara jin daɗin zaman, don duk wanda ya kora, ni yake taya.

Inna kuwa fuskarta tana ta canjawa. Da na zo kan wata mata da ta ce kyanwarta ta daina atishawa, Inna ta kama ta da hannu biyu.

"Wagga gaskiya taka hwaɗi. Mi za ta samu in ta yi ma kyanwa ƙarya?"

Kawu ya ce ba a ji ta bakin kyanwar ba. Inna ta ce shi dai tun yana yaro bai da aiki sai gardama, ita ta goya shi ta sani. Suka yi ta yi har aka kira la'asar. Na sauko da ƙafa a sage, muka yi salla, na sake hawa.

Can ƙasa, inda masu taurari kaɗan suke, na tarar da wani dogon rubutu. Taurari biyu. Mutumin ya ce shi tsoho ne, jikansa mai ciwon asma yana kwana a gidansa, don shi ya saya. Ya ce injin ba shi da rariyar da ke kama ƙura, wani abu yake sakewa cikin iska wanda ke sa ƙurar ta yi nauyi ta manne a bango ko ta faɗo ƙasa. Ya ce yana da wani wari mai kama maƙogwaro, tarin yaron ya ƙaru, ya cire ya jefa a shara. Tauraro na biyu, in ji shi, na shuɗiyar wutar ne, don yaron yana son kallonta. Ya haɗa da hoton bangon ɗakin.

Kawu ya fara cewa shi ma wannan ba a san ubansa ba. Inna ba ta kula shi ba, ta miƙo hannu. Na ba ta wayar. Ta riƙe ta nesa da ido, yadda take riƙe allura in za ta zura zare. Bango ne fari da wani baƙin tabo ya zagaye inda injin ya zauna. A gefe ana hango ɗan ƙaramin gado, ba a gyara shimfiɗarsa ba.

"Wanga kaka na," ta ce. "Ba mai gwada ma duniya dauɗar ɗakinai don ya yi ƙarya."

Kawu ya buɗe baki, ta dube shi, ya rufe.

"Kai yaro, sake hwaɗa mani. Ƙurar ina taka zuwa?"

"Ƙasa take faɗowa, Inna."

Dukanmu muka juya. Takwara tana zaune dirshan a tsakar gida, ta jiƙa ƙasa da ruwan buta tana tuƙa tuwon wasa, tana lasar yatsa don ta ji ko gishiri ya ji. Na yi zaton in na ci wannan shari'a zan ji daɗi. Wallahi ban ji ba, tausayin Inna ne ya cika ni har na kasa kallonta. Kawu ya gyara murya zai yanke hukunci, ta ce ya bari, ta ji.

Washegari da safe mai babur ya tsaya a ƙofar gida. Inna ta wanke kayan yarinyar tun jiya, ta ƙulle a leda biyu. Ta zaunar da ita a kan kujera 'yar tsugunno a zaure, ta cire mata takalma, ta wanke mata ƙafafu da sabulu har tsakanin yatsu, ta yanke mata farce. Sannan ta saɓa ta a kafaɗa, ita da bayanta ke ciwo shekara da shekaru. Na miƙa hannu in karɓa, ta ƙi. Da kanta ta kai ta har kan babur, ba ta bari ƙafar ta taɓa ƙasar gidan ba.

Yarinya ta ce an manta takalmanta. Inna ta ce ubanta zai saya mata wasu a Gummi, waɗannan na garin nan ne. Da muka sha kwana na waiwaya, tana tsaye a ƙofar zaure da takalman a hannu.