Fim ɗin da Muke Kallo da Inna

Yayana ɗan kabu-kabu ne. Duk ranar kasuwar Bukkuyum, idan ya gama jigilar mutane, sai ya biya wurin masu tura fim a zuba masa sabon kashi na wani fim mai dogon zango da muke bi. Labarin wata malamar asibiti ne da ƙanen ubanta da ya cinye musu gona. Bayan la'asar mukan jingina wayar a jikin turmi, mu zauna mu uku: ni da shi da Inna.

Idon Inna ya yi rauni, amma bakinta garau yake. Da ta ji muryar ƙanen uban sai ta fara.

"Ga shi nan, maci amana. Ko kunyar gemu bai ji."

"Inna, wasa ne fa," in ji yayana. "Mutumin nan a wani fim liman ya fito."

"To wa ka bin shi salla?"

Shi kuwa yayana kurakurai yake farauta. Shi ya gano malamar ta shiga ɗaki da hijabi shuɗi ta fito da ruwan ƙasa. Sai da ya mayar da wurin baya sau uku, yana dariya har da hawaye.

Wata ranar kasuwa a cikin damina bai dawo ba. Wani direba ya ce 'yan bindiga sun tare hanya, ya hango an kora mutane daji, har da yayana. Muka yi ta jiran a kira. Ba a kira ba. Kafin gero ya nuna ƙauyenmu ya watse, ni da Inna muka koma Anka, gidan wata ƙanwarta.

Ashe 'yan matan gidan ma fim ɗin suke bi, har sun yi nisa. A kashin da muka tarar, an sace malamar. Matan da suka yi gudun hijira irinmu suka cika tsakar gida. Da ɓarayin suka fito da riguna a goge, wata ta ce, "Wanga ko kaza bai iya kamawa." Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba. A kashi na gaba aka ceto malamar, ko takalminta bai tsinke ba.

Inna ta jira har aka watse. Sannan ta jawo hannuna.

"Ɗiyata, sun ba ta abinci can?"

"Sun ba ta, Inna. Shinkafa, har da ruwan leda."

"Masu yin fim ɗin ga, sukan tambayi waɗanda sunka dawo kahin su yi?"

Na ce ban sani ba. Ta saki hannuna. Sai daga baya na gane abin da take so in ce, kuma har yau ina jin haushin kaina da ban ce mata e ba.

Ba ta sake zama kallo ba. Damina biyu ta wuce. Duk wanda aka ce an sako daga daji, sai na kai ta ta kwatanta masa yayana: dogo, mai wushirya. Wani tsoho ya ce kamar ya gan shi. Da muka koma washegari sai ya ce ba shi da tabbas.