Yaya Ajimi da Bangon da Suka Shafe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata, 13 ga watan Mayu, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana, Malam Ajimi Zarami, malamin wasanni, a gadon asibiti a Nguru, bayan ya shafe sama da shekara biyu yana fama da ciwon ƙoda. Shekarunsa arba'in da ɗaya. Ya bar matarsa Mairam da 'ya'ya biyu, Nuraini da Usaini, ya kuma bar ni, ƙanwarsa Ikilima, wadda ya riƙe tun rasuwar mahaifinmu. An yi masa sutura bayan azahar. Waɗanda suka ɗauki makara sun ce kamar ba kowa a cikinta. Ciwo ya riga ya cinye mutumin da yakan zagaya fili sau goma kafin yara su gama ɗaura takalmi.

Yaya, yau kwana tara. Na so in rubuta maka ta'aziyya mai sanyi, irin wadda ake karantawa a share hawaye a ce Allah Ya jiƙan rai. Sau uku ina farawa ina yagawa. Ka yi mini afuwa, wannan ce ta yarda ta fito.

Kai ne mutum na farko da ya kama ni da littafin soyayya a tsakiyar littafin kimiyya, ina aji huɗu na sakandare. Na zaci duka zan sha. Sai ka jujjuya shi, ka dubi hoton bangon, ka miƙo mini ka ce, "Hajiyar littafi, karanta abinki. Amma in kin gama ki zo ki gaya mini wa ya ci." Tun daga ranar, duk wanda na gama sai na kawo maka sakamako kamar na ƙwallo. Kullum amsata ɗaya ce: mugu ya ga sakayya a babin ƙarshe, mai gaskiya ya yi dariya. Kai kuma kullum sai ka girgiza kai ka ce, "A littafi ke nan, Ikilima." Ina jin haushin wannan maganar a lokacin. Yanzu ma ina ji.

Saboda kyan rubutuna ka sa ni na kwafe maka ƙa'idodin wasanni na makarantarmu a farar takarda, bayan ka yi mako biyu kana gogewa kana sakewa. Wata Asabar da safe muka tafi da gwangwanin shuɗin fenti, ni ina riƙe da shi, kai kana kan benci kana rubutawa a bangon ɗakin ajiyar kayan wasa, wanda ke kallon fili. A sama ka rubuta manufa: ana wasa a nan ne don yaro ya samu lafiyar jiki, ya iya cin nasara ba girman kai, ya iya shan kaye ba rigima, ya kuma so zuwa makaranta. A ƙasa ka jera ƙa'idodi bakwai. Wanda ya yi fashin aji kwana uku ba dalili ba ya taɓa ƙwallo. Wanda ya zagi alƙalin wasa ya zauna a benci mako biyu ko da shi ne gwanin gari. Ba atisaye da tsakar rana, kuma da an kira salla an ajiye ƙwallo. Baƙi su ne ke fara shan ruwa. Yammacin Laraba fili na 'yan mata ne su kaɗai tare da malamarsu, kuma ka sha zagi a kan wannan kafin iyaye su saba. Ta bakwai ita ka rubuta da manyan baƙaƙe har fenti ya ɗiga a gyalena: ba mai sa rigar makaranta sai ɗan makaranta.

Wanda bai san harkar ba zai ce ai wannan ba ta bukatar rubutu. Amma kowa a nan ya san 'yan haya. In gasa ta zo sai a shiga gari a ɗauko ƙarti waɗanda suka daɗe da mantawa da allo, a aske musu gemu, a ba su sunan wani yaro da rigarsa, shi kuma yaron da ya yi wata uku yana atisaye a ce ya koma gefe ya yi tafi. Takardar haihuwa ba ta kama su, hoto ba ya kama su. Kai ka samo abin da ke kama su. Kafin a busa usur sai ka jera ƙungiyoyin biyu, ka bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: "Wa ke zama kusa da kai a aji?" Ɗan makaranta kafin ka rufe baki ya faɗa, har ya ƙara da cewa wancan ɗin yana satar masa biro. Ɗan haya sai ya tsaya yana kallon sama. Makarantun Nguru da na Gashua duk suka amince da wannan tambayar, suka bar maka yin ta, domin sun san ba ka da zaɓaɓɓe.

Shekara uku da suka wuce makarantarmu ta kai wasan ƙarshe, a Gashua. Ina can, na je gidan kakanninmu, na tsaya cikin mata a gefen fili. Shugaban makarantar a lokacin, Alhaji Mahfuz, yana son kofin nan kamar ransa, domin yana neman ƙarin girma. Ka gaya masa a ofis, ku biyu, cewa ba za ka sa ɗan haya ba. Ya ce ya ji. Da safiyar tafiya ya tura ka gaba wai ka duba fili, sannan ya sauke yara uku da duk 'yan benci a ƙofar makaranta ya ce mota ta cika. Ya ɗauko mutum uku a motarsa, da kansa ya miƙa musu riguna. Sai da aka jeru ka gan su, haɓarsu tana ƙyallin sabon aski.

Ka gama da yaran Gashua, duk suka amsa. Da a ce ka juya ka ce a fara wasa, da ba wanda zai ce uffan. Wa zai zaci mutum zai tona ƙungiyarsa? Na ga ka tsaya jim, ka share gumi da hularka. Sannan ka taka zuwa layin namu. Na farkon ya tsaya yana kallon sama. Na biyun ya ambaci sunan da babu shi a makarantar. Na ukun, wanda duk Nguru ta san shi da tuƙa keke mai ƙafa uku, ya ga ba mafita, ya ce, "Malam, ni fa a gaba nake zama, ni kaɗai." Filin ya ɗauki dariya har da 'yan sanda. Alhaji Mahfuz bai yi dariya ba.

Da yara takwas ka buga wasan. Aka ci mu shida da ɗaya. Da aka tashi ka jera su, suna kuka, ka sa suka bi yaran Gashua suna ba su hannu. A hanyar dawowa, Mairam ta gaya mini, ka tsaya ka saya musu rake, ka ce musu ƙwallo ɗayan nan da suka ci ta halal ce, su riƙe ta.

Abin da ya biyo baya shi ne ba zan yafe ba. Kafin mako ya zagayo an baza a gari cewa ka sayar da Nguru, wai don mahaifiyarmu 'yar unguwar Katuzu ce a Gashua, jinin Gashua ya motsa. Mutanen da ka koya wa 'ya'yansu gudu suka daina amsa sallamarka a kasuwar kifi. Aka kawo farar ƙasa aka shafe bangon nan, shafi biyu, don shuɗin ya ƙi ɓoyuwa a na farko. Kafin ƙarshen zango takarda ta fito an mayar da kai makarantar Kumagannam, can cikin ƙauye. Shi kuwa Alhaji Mahfuz ya samu kofinsa a shekarar da ta biyo, da irin mutanen da ya saba, ya samu ƙarin girmansa, ya koma ofishin da takardun canjin wurin aiki ke bi ta kan teburinsa.

Ba ka yi ƙorafi ba. Mutanen Kumagannam sun karɓe ka hannu biyu, kuma cikin wata guda ka share musu fili ka kafa raga da itace. Ranar sadakar uku sun zo cike da mota biyu, Allah Ya saka musu. Amma a can ciwon ya bayyana. Likita ya ce wankin ƙoda sau biyu a mako, kuma a Nguru. Ka riƙa hawa bayan a-kori-kura cikin buhuna, a hanyar rairayi, ƙafafunka a kumbure. Wani makon ka samu zuwa sau ɗaya, wani makon mota ba ta tashi ba. Sau uku ka rubuta takardar roƙo a dawo da kai kusa da asibiti, kowacce da shaidar likita a manne. Ta ukun Mairam ce ta kai da hannunta, da goyon Usaini. Alhaji Mahfuz ya bar ta a tsaye, ya karanta, ya ajiye, ya ce, "Ki ce masa ya tambayi wanda ke zama kusa da shi ya taimake shi."

Ba ta gaya maka ba, Yaya. Ni ta gaya wa, a bayan ɗakin wankin, ta ce in rantse ba zan faɗa ba muddin kana da rai. Na cika alkawari.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Malamai sun faɗa mini, surukata ta faɗa mini, kuma na yi imani. Ban ce wani ya kashe ka ba. Na ce wani ya ga mara lafiya yana roƙon a rage masa tafiya, alƙalami na hannunsa, ya zaɓi ya yi ba'a. Wannan ba ajali ba ne, aikin mutum ne, kuma Allah bai hana wanda aka zalunta ɗaga murya ba.

Ranar sadakar uku sai ga Alhaji Mahfuz da babbar riga da 'yan rakiya. Muna cikin gida muna jin muryarsa daga rumfa. Ya ce Nguru ta yi rashin gwarzo, mutum mai gaskiya wanda shi da kansa ya rena a aiki. Ya ce ya sa a shirya gasa tsakanin makarantun Nguru da Gashua, Asabar ta farko a watan Nuwamba, za a kira ta Kofin Malam Ajimi, kuma iyalin mamaci za su yi jawabi su miƙa kofin. Maza suka ce madalla. Mairam tana zaune a kan tabarmar takaba, carbi a hannunta. Ba ta ɗaga kai ba ta ce mini a hankali, "Ikilima, ya cinye shi da rai, yanzu sunan yake so."

Da na koma gida na buɗe akwatin littattafaina, wanda Dauda mijina ke tsokanata da shi yana cewa ya fi kayan ɗakina nauyi. A ƙasa, cikin wani tsohon littafi da bangonsa ya cire, farar takardar nan tana nan da rubutuna da ɗigon shuɗin fenti. Mairam kuma ta ba ni kwafin takardun roƙonka uku, kowacce da hatimin karɓa da kwanan wata. Na shimfiɗa su a gaban Dauda na gaya masa abin da nake nufi. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Wannan fa ba littafi ba ne, Ikilima. Mutumin yana da mutane." Na ce na sani. Ya ce, "To ni zan kai ki, kuma ni zan riƙe gwangwanin."

Ƙa'idarka ta shida ta ce a sanar da abokin karawa rana da wuri, kada a yi masa ba-zata. Don haka, Alhaji Mahfuz, ga sanarwa. Mun karɓi gayyatarka. Kafin ranar, ƙa'idodi bakwai za su koma bangonsu da shuɗin fenti. Iyayen yara da tsofaffin ɗalibai sun sa hannu a takardar neman izini, kuma sabon shugaban makarantar ya karɓa. Yara takwas ɗin nan da suka sha kaye a Gashua sun zama samari, na samu bakwai a waya, na takwas yana Dapchi an aika masa. Za su tsaya a tsakiyar fili kafin a busa usur, su bi kowane ɗan wasa da tambayar da ka sani. Lokacin Mairam ta fita takaba, za ta zauna a kujerar gaba. Idan aka miƙo wa iyalin mamaci lasifika, ni zan karɓa. Ba zan zage ka ba, ba haka aka rene ni ba. Takardu uku kawai zan karanta, da kwanakinsu, sannan in maimaita amsar da ka ba matarsa, kalma bayan kalma, a gaban Nguru da Gashua. In ka soke gasar, gari zai tambayi dalili. In ka hana ni lasifika, maza takwas za su haddace takardun kafin ranar.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Ajimi ɗan Zarami. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya masa makwanci kamar yadda ya riƙa shayar da baƙi kafin nasa. Ka sa ya amsa tambayar kabari cikin sauƙi, Ka haɗa shi da iyayenmu a Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mairam, wadda ta yi jinya ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ga Nuraini da Usaini, Allah Ya raya ku a kan halin ubanku. Ga dangi na Nguru da Gashua da Katuzu. Ga mutanen Kumagannam. Da duk yaron da ya taɓa sa rigar makaranta da sunansa na gaskiya. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Shi kuwa Alhaji Mahfuz, ban roƙa masa sharri ba. Na roƙa masa tsawon rai zuwa Asabar ta farko a watan Nuwamba, da lafiyar kunne.

Ikilima Zarami, Nguru.