Kwalbar Yaya Sabo a Tsagar Maƙogwaro

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Sabo makwancinsa, kuma shekara tara ke nan ina saɓa alkawarin da na yi masa. Da wannan zan fara, don shi ne ya hana ni sukuni tun saukar damina.

Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yi ƙuruciyarsa a ramin kuza, ya ƙare aikinsa yana leburan hanya a kwazazzabon nan da direbobi ke kira Maƙogwaro, inda titi ke gangara daga Filato in ka wuce Vom ka nufi kudu. Masu yawon buɗe ido kan tsaya su ɗauki hoto, don wurin da kyau: kogi can ƙasa yana kumfa, dutse ya miƙe dama da hagu. Shi Yaya bai taɓa ganin kyan wurin ba. Cewa yake yi dutsen hawa uku ne. A ƙasa akwai fari mai ƙyalli, wanda ko nakiya sai ta yi da gaske. A sama akwai baƙi mai huji-huji, wanda ƙasa ta amayar tun kafin a san mutum. Tsakaninsu kuwa jar laka ce, mai santsi kamar sabulu in ta sha ruwa. Duk nauyin baƙin dutsen nan a kan lakar yake zaune, titi kuma yana ƙarƙashinsa.

Kakanmu ya bi wannan kwazazzabo da ƙafa, da buhun kuza a ka, lokacin da hanyar ba ta fi ta jaki ɗaya ba. Masu shimfiɗa layin dogo sun leƙa wurin, suka zagaye abinsu. Masu titi ne suka yi ƙarfin hali suka fasa gindin dutsen. Tun daga nan tsaga ta buɗe a bayan wani ƙaton dutse da ya leƙo kan hanya.

Dabarar da Yaya ya koya a ramin kuza ita ce ya kawo nan. Duk ƙarshen damina zai hau can sama ya cusa kwalba a tsagar, ta kama tsam. In shekara ta zagayo ya tarar ta zame ciki, to dutse ya motsa, sai ya nemo wadda ta fi ta kauri. Da 'yar kwalbar turare ya fara. Lokacin da ciwo ya kwantar da shi, kwalbar lemo ce ke kamawa. A unguwarmu, Tudun Wada, har suna aka sa masa, wai Likitan Dutse, kuma ni ne kan gaba wajen tsokana. Na sha tambayarsa ko dutsen ya ce yana jin ƙishirwa ne. Ya taɓa kai maganar wani ofis, ogan wurin ya saurare shi tsaf, ya yaba da himmarsa, ya sa aka raka shi har bakin ƙofa.

Ranar da jikinsa ya yi tsanani ya riƙe hannuna ya ce, "Bala, ka riƙa hawa kana dubawa. Sau ɗaya ne fa a shekara." Na ce masa to. Irin "to" ɗin nan ce da ake ce wa mara lafiya.

Da zai dawo yau, ban san me zai fara kallo ba. A zamaninsa motocin katako ne ke hawa da ƙyar, jefi-jefi. Yanzu tirelolin siminti da tankokin mai ne a jere, ƙasa na rawa a ƙarƙashinsu tun safe har yamma. Itatuwan da ke saman dutsen duk sun zama gawayi, ruwan sama ba abin da ke tare shi, kai tsaye yake sauka cikin laka. Ina jin ba zai yi faɗa ba, don ba halinsa ba ne. Zai dai tambaye ni wace kwalba ce ke kamawa bana, ni kuma in sunkuyar da kai.

Abin da ya tashe ni shi ne ɗana Nura. Bara ya samu bas yana jigilar fasinja, kuma ta Maƙogwaro yake bi, sau biyu a rana. Kwanan baya ya dawo da gilashin gaba a tsage. Na tambaye shi, ya ce, "Ba komai, Baba, tsakuwa ce kawai take zubowa daga sama in an yi ruwa. Kowa ya saba." Tsakuwar nan kuwa ita ce Yaya yake cewa sallamar dutse.

Makon jiya na sa Nura ya sauke ni a bakin kwazazzabon. Na hau da gwiwoyina na tsufa, ina haki, da kwalbar lemo a aljihun riga. Na gane wurin, don har yanzu akwai fasassun kwalaben Yaya a cikin ciyawa. Abin da ya bari ke nan. Bai bar gida ba, bai bar gona ba, kuma ban san wani da ke tuna sunansa a hanyar da ya share shekara da shekaru yana aiki a kanta ba. Ya dai bar hanyar sanin gaskiya mai sauƙi, wadda ko yaro zai iya, ya ba ni ita a hannu, na ajiye.

Na durƙusa na cusa kwalbar. Ba ta taɓa ko gefe ɗaya ba. Na sake ta, na ƙirga har uku kafin in ji ta fashe can ciki. Na miƙa hannu don in auna faɗin wurin, kafaɗata ta shige.

Ina nan durƙushe na ji hon daga ƙasa, sau biyu, irin gaisuwar da Nura ke yi mini in ya iso ƙofar gida. Na leƙa. Ya juyo daga kudu, motar cike da mutane, ya rage gudu daidai ƙarƙashin dutsen don ya ɗago mini hannu.