Wasiƙar da Ta Bi Tawagar Shugaba Zuwa Kano

Mahaifina mai wanki da guga ne a gidan saukar manyan baƙi na Garwa. Babbar riga ita ce gwanintarsa. Ya san yawan sitacin da shadda take so, ya san yadda ake bin aikin wuya da dutsen guga ba a ƙona zare ba. Idan shugaban ƙasa zai tafi Najeriya, jirginsa yakan yada zango a Garwa a kwashi manyan arewacin ƙasarmu da za su raka shi, a haɗa su da wanda zai kula da rigunansu. Baba ake ɗauka, don ban da guga yana da Hausa. A garinmu Fillanci ake yi a titi, Faransanci a ofis, Hausarmu kuwa ta kasuwa ce da cikin gida. Sai an tsallaka iyaka take zama abin nema.

Baba yana da ƙane guda ɗaya, Baffa. Ina ƙarama sosai ya bar gari. Abin da na tsinta a bakin manya, su ma cikin raɗa, shi ne ya yi wata magana a taro lokacin da ake haɗe jam'iyyu su koma ɗaya. Wani ya tsegunta masa cewa sunansa ya shiga takarda, sai ya bi kwalekwalen masunta ya gangara Binuwai zuwa Yola, daga can ya wuce Kano. Fatake sukan kawo labari jefi-jefi: yana raye, yana tsaron shagon wani a kasuwa. Amma ba wanda zai yarda ya ɗauki saƙo zuwa gare shi. A wancan zamani ko da abokinka na ƙuruciya sai ka auna magana kafin ka sake ta.

Kakata, mahaifiyarsu, tare muke zaune. Idonta ya fara tafiya, kunnenta kuwa garau. Da zarar rediyo ta ce shugaba zai ziyarci Najeriya sai ta daina cin abinci sosai.

Tafiyar farko da na iya tunawa Legas aka je. Baba ya dawo mana da burodi mai zaƙi da labarin teku. Kaka ta bari sai da ya gama, sannan ta ce, "Ka ga ɗan'uwanka?"

"Iya, tsakanin Legas da Kano ya fi nan da Yawunde."

"Ai duk ƙasa ɗaya ce," in ji ta.

Bayan yaƙin basasar Najeriya ya ƙare, zumuncin ƙasashen biyu ya yi ƙarfi, tafiye-tafiye suka yawaita. Wani lokaci shugabanmu ya je, wani lokaci nasu ya zo. Mu 'yan lekol, wato makarantar boko, akan jera mu bakin hanyar filin jirgi da 'yan tutoci, tun hantsi har rana ta take, wasu su faɗi don ƙishirwa. Malamanmu sukan ce wannan zumunci alheri ne ga talaka, kuma ban musa ba, don kasuwarmu ta cika da atamfa da kwanukan Najeriya. A gidanmu dai kowace tafiya tana zuwa da fargabarta.

Sai aka yi wata tafiya aka biya ta Kano. Da Baba ya dawo, Kaka ta yi tambayarta, ya ce bai gan shi ba. Washegari ina tankaɗe a bayan ɗaki na ji yana gaya wa Inna, mahaifiyata, gaskiyar magana. Suna cikin motar ƙarshe, wadda ke ɗauke da ma'aikata da akwatuna, sai ya hango Baffa a cikin 'yan kallo, ya matso har bakin igiya, ya ɗaga hannu. Kusa da Baba akwai wani mutum mai baƙin tabarau wanda ba a san aikinsa ba a tawagar, amma kowa ya sani. Baba ya kau da kai, ya yi kamar yana gyara ɗaurin akwati.

"Ya rame," in ji shi. "Ya yi furfura kafin ni."

Inna ta ce, "Ka yi daidai, Malam. Kana da 'ya'ya."



Ina aji na ƙarshe a lekol aka sake sanar da tafiyar Kano. Lokacin bazara ne, irin zafin Garwa da ko ƙadangare yake neman inuwa. Bayan azahar Kaka ta kira ni gindin darbejiyar tsakar gida, ta ce in kawo takarda da biro.

"Ke da ake cewa kin iya rubutu, yau zan ga amfanin lekol ɗin nan."

Na yage ɗan falle daga littafin lissafina. A lekol Faransanci ake koya mana, Hausar boko kuwa da kaina na koya daga tsoffin jaridun da 'yan kasuwa ke naɗe kaya da su, ina kuma alfahari da hakan. Tana faɗa ina rubutawa. Ta gaishe shi. Ta gaya masa waɗanda suka mutu da waɗanda aka haifa. Ta ce idonta ya kusa rufewa, tana so ta shafa fuskarsa kafin ta bar duniya. Sannan ta ce, "Rubuta masa, kada ya ji tsoro. Yayansa yana kusa da jikin manya, har ɗakin kwanansu yake shiga. Idan ya shirya, yayansa zai buɗe masa hanya."

Na rubuta daidai yadda ta faɗa. Har na ja layi ƙarƙashin "zai buɗe masa hanya", don na ga wurin ya fi muhimmanci.

Da la'asar Baba ya shigo, ta miƙa masa takardar a linke. Ya ja da baya kamar an miƙo masa garwashi.

"Iya, kin san abin da kike nema kuwa?"

"Na sani. Ban taɓa roƙonka komai ba."

"Ana binciken kayanmu, Iya."

"To bari. Na haifi biyu, ɗaya ya ɓace, ɗaya yana tsoron takarda." Ta mayar da ita ƙarƙashin tabarma, ta juya fuskarta ga bango.

Kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Ran tafiya Baba ya durƙusa ya yi mata sallama, ya sa hannu ƙarƙashin tabarmar da kansa ya zaro takardar. Baba ajami kawai ya iya karantawa. Bai tambaye ni abin da ke ciki ba, ni ma ban ga dalilin faɗa ba.

Ran da tawaga ta dawo ina cikin layin 'yan lekol da tutata. Motoci suka wuce ɗaya bayan ɗaya muna ta tafi. Na tsaya jiran motar ma'aikata, na ga fuskokin da na sani, ban ga Baba ba. Na ce wataƙila yana ɗaya gefen. Na koma gida na tarar Inna ta yi miyar yakuwa da kifi, abin da ya fi so. Miyar ta huce a tukunya.

Gab da magariba kukun gidan baƙi ya yi sallama. Kirista ne daga duwatsun wajen Mora, shekarunsu da yawa suna aiki tare da Baba. Bai yarda ya zauna ba. Da Hausarsa ta kasuwa ya gaya wa Inna cewa a Kano Baba ya nemi izinin zuwa sayen sitaci, ya daɗe bai dawo ba, ashe an bi shi. Da aka sauka a Garwa aka ware shi gefe, aka buɗe hularsa, aka sami takarda.

"Madam, ni ban zo nan ba, kin ji? Ban ce komai ba."

Kaka tana jin komai daga ɗakinta. Ba ta yi kuka ba. Ta ce kawai, "Ni ce," ta kuma maimaita har sai da Inna ta shiga ta riƙe ta.

Ashe Baffa bai sami takarda a kusa ba, sai ya juya tamu ya rubuta amsa a bayanta. Haka wasiƙar ta je Kano ta dawo da ƙafarta.

A kwana na huɗu wani jandarma, irin 'yan sandan ƙasarmu, ya zo ya ce ana neman wanda ya yi rubutun. Ashe Baba ya gaya musu shi ya rubuta, suka ba shi biro ya kasa. Layukan takardar kuma sun nuna ta littafin ɗan lekol ce. Inna ta yafa mayafi ta kama hannuna, muka bi shi.

Ɗakin da aka kai mu yana da fanka a sama, amma ba ta juyawa. Wani mutum mai farar riga 'yar shara yana zaune, gefensa tafinta. Ya tura takardar gabana, ya yi mini magana da Faransanci.

"Rubutunki ne?"

"Nawa ne."

"Wa ya ba ki kalmomin?"

"Kakata."

"Shekarunta nawa?"

"Ban sani ba. Ba ta gani sosai."

Ya ɗora yatsa kan layin da na ja. "Wace hanya za a buɗe? Zuwa ɗakin wa?"

Sai a lokacin na ji maganar da kunnensa. Mutumin da ya gudu don siyasa, yayansa mai shiga ɗakin manya, hanya da za a buɗe idan an shirya.  Na ce Kaka tana nufin Baba zai roƙi manya su yafe wa Baffa. Na ce haka tsofaffi suke magana, suna kuranta 'ya'yansu. Faransancina ya watse, na koma Hausa, tafinta yana juyawa a gajarce, ni kuma ina jin yana zubar da rabin abin da na faɗa.

"Layin fa? Ita ta ce ki ja?"

"A'a. Ni na ja."

Ya ba ni farar takarda ya ce in sake rubuta jimlar. Na rubuta. Ya kwatanta biyun, ya juya tsohuwar yana duba bayanta. A nan na ga rubutun Baffa, ajami ne, layi uku. Na yi makarantar allo, na karanta kafin ya kife ta. Ya gaishe da Iya. Ya ce ba zai dawo ba. Ya ce don Allah kada a sake aiko masa da kowa.

Aka sallame mu. Inna ta tambayi inda mijinta yake, aka ce za a sanar da ita. Ba a sanar da ita ba.

Wata bakwai Baba ba ya gida. Damina ta zo, kogi ya cika, jiragen ruwa suka zo suka kwashi auduga suka tafi. Maƙwabta ba su yi mana wulaƙanci ba, sun dai rage shigowa. Matar da ke zuwa ɗaukar wuta kullum ta koma ɗauka a wani gida. Inna ta fara soya ƙosai a ƙofar gida, na bar lekol ina taya ta, ban zauna jarrabawar ƙarshe ba. A cikin watannin nan shugaba ya sake yin wata tafiyar. Muka ji a rediyon maƙwabta ana lissafa waɗanda suka tarbe shi. An sami wani mai gugar.

Ban gaya wa kowa abin da na karanta ba. Kaka takan kira ni ta ce, "'Yar nan, da kika je can, ba su nuna miki amsarsa ba?" In ce a'a.

Wata safiya Baba ya shigo da ƙafarsa, ba sallama, da rigar da ya tafi da ita. An aske masa kai, haƙoransa biyu na gaba babu. Ya wuce mu ya durƙusa a ƙofar Kaka. Ta lalubo kansa, ta bi fuskarsa da tafin hannu, ta tsaya a bakinsa ta daɗe.

"Ka yafe mini," ta ce.

"Ba ki yi mini komai ba, Iya."

Sai bayan kwana uku ta iya tambayarsa. Ina wurin, ina ba ta kunu.

"Ka gan shi?"

"Na gan shi. Mun zauna, mun sha ruwa tare."

"Me ya ce?"

"Ya ce yana gaishe ki. Ya ce ki ƙara haƙuri, yana nan tafe idan hanya ta yi kyau."

Ya ɗago ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ban san ko ya gane na sani ba, ban kuma taɓa tambayarsa ba.

Ba a mayar da shi aiki ba. Ya kafa teburin guga a wata rumfa kusa da kasuwa, yana goge kayan 'yan tireda da ɗinkin salla. Inda aka tsare shi da abin da aka yi masa, bai taɓa faɗa ba, ko ga Inna. Idan jiniyar tawaga ta taso daga hanyar filin jirgi, sai ya ajiye dutsen guga ya shige cikin rumfa har ta wuce. Game da wasiƙar, sau ɗaya tak ya yi mini magana. Ina taya shi linke kaya ya ce, "Ba laifinki ba ne. Abin da aka ce ki rubuta kika rubuta." Na so in ce masa layin ni na ja, amma sai na ci gaba da linke kayan.

Kaka ta rasu shekara biyu bayan haka, tana jiran hanya ta yi kyau.

Baffa bai zo ba sai da mulki ya canja hannu. Lokacin na yi aure ina goyon ɗana na biyu. Ya sauka a gidan Baba kwana biyar. Shi da Baba suka zauna a zaure suna hirar ruwan sama da tsadar gero da tsofaffin unguwa da suka mutu. Baba ya kai shi maƙabarta ya nuna masa kabarin, suka yi addu'a suka dawo. Da na kawo musu abinci Baffa ya dube ni ya ce, "Wannan ce mai rubutun?" Baba ya ce, "Ita ce," ya jawo kwano ya ce su ci kafin ya huce. A rana ta shida Baba ya raka shi tasha, ya dawo ya hura gawayi, don akwai rigunan wani ango da ya yi alkawarin gamawa kafin Juma'a.