Yadda Muka Sake wa Fayilolin Shafina Suna a Jidda

Ana kiran assalatu muka kama hanyar filin jirgin Kano, ni da abokiyar kasuwancina, zuciyata fal murna. Wani babban dilan abaya a Jidda ya yarda mu zauna, in zama wakiliyarsa a gida. Sharaɗinsa ɗaya: ya ga shafin da nake sayar da kaya a intanet sanye da launin kamfaninsa, ruwan zinari da baƙi, kafin ya ba ni amsa.

Muna sauka zafi ya rungume mu, irin mai danshin teku da ke manna wa mutum mayafi a wuya. Direban tasi Bahaushe ne haifaffen can, rabin zancensa Larabci, ko'ina "yalla, yalla". Kuɗin motar ya fi na bara, na yi ciniki har ya yi dariya ya ce ya ga Bakanuwa. A gidan mai masaukinmu da ke unguwar Hindawiyya muka sauka, aka tarbe mu da ful, wato dafaffen wake, da gurasar tamis mai zafi, na ci har na manta gajiya.

Washegari da hantsi na nufi unguwar Bagadadiyya, ofishin ɗiyar mai masaukinmu, wadda sana'arta gina shafuka. Na ɗauka aikin shan shayi ne. Ta buɗe fayilolin da ke riƙe da launi da tsarin shafin, waɗanda suke kira CSS. Ashe duk wanda ya taɓa yi min gyara, sunan lokacin da ya yi aikin yake sa wa fayil: "azumi", "sallah", "bayan-hajji", "azumi-sabo". Ta canja launi a cikin "sallah", maɓallin saye ya ɓace ɓat. Ta taɓa "azumi", hotunan suka hau kan juna. Ga dila yana jiranmu bayan la'asar.

"Khala, wallahi haza mushkila," in ji ta, wato Inna, wannan matsala ce. "Kowane fayil yana taka ɗan'uwansa. Wa ya san me ke cikin bayan-hajji?"

Na ce, "'Yata, ni ko a sito ba na rubuta wa kwali ranar da ya zo, abin da ke ciki nake rubutawa. Buɗe su ɗaya-ɗaya, ki faɗa min aikinsa, in raɗa masa suna."

Haka muka yi. Ta tattara duk launuka wuri guda muka kira shi "launuka". Sai "rubutu", "kwandon-saye", "fuskar-waya". Na dilan kuma ta ware masa nasa, "launin-dila", don in ya canja ra'ayi gobe a taɓa shi kaɗai. Maɓallin ya dawo, shafin ya fito tas kamar amarya. Na yi guɗa a ofishin mutane!

A shagonsa na Aziziyya dilan ya duba a wayarsa, ya ce zinarin ya yi haske da yawa. Ɗiyar mai masaukinmu kuwa, da ta rako ni, ta buɗe fayil ɗaya, ta gyara layi ɗaya, ta miƙa masa. Ya kalla, ya ce, "Halas, mabruk," wato shi ke nan, barka. Daren nan mandi muka ci, shinkafa da nama irin na Larabawa, ni na biya da farin ciki.

Mun dawo Kano lafiya da wakilci a hannu. Abin da na koyo, shafi ma shago ne, kuma ba kullum ne wanda ya jera kayan yake nan ranar da ake nema ba. Yanzu duk mai yi min gyara, kafin mu yi maganar lada, sai ya faɗa min sunan da zai sa wa fayil. In ban gane aikinsa daga sunan ba, bai fara ba.