Na Ukun da Yaya Sani Ya Nemo a Rairayi

Wata Lahadi ce ta kasuwar Illela, gero ya fara kai, ina 'yar shekara bakwai, na fito da tsintsiya na tarar da yayana Sani tsugune gindin itacen bedi ya share rairayi yana zane da tsinke. Hutu ya zo daga makarantar Turawa. Yakan jera lambobi da wata alama mai kama da sawun kaza, ya soke wannan, ya sauko da wancan, yana motsa baki. Na ja da baya, don sau ɗaya na taɓa ganin haka, wurin wani mai bugun ƙasa a Kalmalo, kuma kakata ta fizge ni tana cewa, "Mai zuwa wurin duba, sallarsa ba ta karɓuwa."

Lokacin gidanmu ba lafiya. Baba da Kawu Isa da maƙwabcinmu sun tsallaka Ƙonni da jakunan goro, sojan Faransa suka tare su suna kamen masu aikin tilas. Biyu suka kuɓuta ta cikin gonaki, Baba bai dawo ba. Inna ta daina waƙa a bakin turmi, mu ma muka bar gaɗa, ko akuya ta taɓa ƙyaure sai mu miƙe.

Na matsa na ce, "Yaya, mi kaka biɗa?" Bai ɗago ba ya ce, "Abu ukku ag ɓoye ciki. Na samu biyu, saura guda." Sai ya nuna mini, don shi mutum ne mai son a kalle shi yana aiki. Lambar ƙarshe shida ce, don haka waɗanda ake nema suna cikin masu raba shida daidai. Ya gwada ɗaya, lissafin ya tashi babu saura, ya raba, dogon layin ya gajarce. Ya gwada biyu, haka. Ni kuwa ba lamba nake ji ba. Uku sun tafi, biyu sun dawo, ga yayana yana neman na ukun a ƙasa.

Tsoro biyu ya kama ni, na gargaɗin da kakata ta yi da na abin da ƙasar za ta ce. Da aka kira shi ya kama jaki, na tsaya kan zanen da tsintsiya a ɗage, na kasa sharewa, na kasa tafiya. Ya dawo ya same ni ina kuka. "Ke, lissahi na, ba duba ba na," in ji shi. Ban yarda ba. Na ce ya ƙarasa, na rufe ido da gefen zanen jikina ina jin tsinken yana karce rairayi. Can ya ce, "Ga shi, ukku na. Ya hito."

Da gudu na shiga madafa ina gaya wa Inna an sami Baba. Har yau ina ganin yadda ta saki muciya ta fito ba ɗankwali, ta duba ƙofa, ta duba hanya, sannan ta duba Sani, wanda ya tsaya da tsinke a hannu. Ba ta dake ni ba. Ta koma ta ci gaba da tuƙi, ranar kuma ba wanda ya ci tuwon kirki. Aka yanke gero, aka sake shuka wani, Baba bai zo ba. Sani bai ƙara yin lissafi a tsakar gida ba.

Yanzu jikokina suna yin irinsa a takarda, ba mai jin tsoro, motoci kuma suna kai mutum Ƙonni kafin shayi ya huce. In na ji ɗayansu ya ce ya samo na ƙarshen, nakan yi masa barka. Amma idona ƙofa yake zuwa.