Shinkafar da Muka Noma wa Kaduna

A shekarun da aka karɓi mulkin kai ina koyarwa a wata makaranta a Argungu. Malamai sun yi mana ƙaranci ƙwarai, mu da muke nan ma abin da aka koya mana jiya shi muke juye wa yara yau. Ana cikin haka wani abokin aikina, ɗan gidan malamai daga Birnin Kebbi, wanda shi kaɗai ne mai digiri a cikinmu, ya sami gurbin ƙarin karatu a Ingila kan horar da malamai. Sai dai babu mai biya masa.

Hedimastanmu, dattijo mai son abu ya yi kyau, ya tara mu ya ce mu za mu tura shi, in ya dawo ya gyara mu duka. Albashinmu ba ya ganin ƙarshen wata, don haka ya aro fadama wajen surukinsa a Gulma, aka ce a yi gayya a noma shinkafa a sayar. Malaman Birnin Kebbi ma suna zuwa a bayan babbar mota ranar da babu makaranta. Hannun da ya saba da alli ya kama fartanya. Matsattsaku suka sha jininmu, sauro ya ƙarasa saura, manoman Gulma kuwa suna tsaye a kan kunya suna yi mana dariya. Ni aka ƙara wa ajinsa a kan nawa, wai kafin ya dawo.

Akwai wani malamin lissafi a cikinmu, Kirista daga Filato, ba ya ɓoye magana. Ana gobe tafiya ya ce wa hedimasta, "Ranka ya daɗe, a sa shi ya faɗa gaban jama'a cewa nan zai dawo ya koyar."

Hedimasta ya ɓata rai. "Haba malam! Gudummawa munka ba shi, ba sayen shi munka yi ba. Ya san abin da yak kamata."

Duk muka gyaɗa kai, har da ni. A wurinmu abin kunya ne ka ba mutum abu ka bi shi da sharaɗi. Muka raka shi tasha da addu'a.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, muna noma muna aikawa. Aji biyu a ɗaki ɗaya, na baya ba sa jin abin da nake faɗa sai na yi ihu. Muryata ta dushe, har yau ba ta koma daidai ba. In na gaji nakan ce wa yaran su yi haƙuri, malaminsu na nan tafe.

Ya kuwa dawo, a mota baƙa da direba. Ya durƙusa ya gaida hedimasta yadda ya kamata, ya raba mana tsaraba. Bayan an ci abinci ya sunkuyar da kai ya ce Turawa suna ta tafiya, ofisoshi babu kowa, an ba shi kujera a Kaduna. Na san ba ƙarya yake ba, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Hedimasta ya ce, "Allah shi ba ka ikon riƙo." Malamin lissafi ya dube ni.

Da wata damina ta kewayo aka sami wani matashin malami da gurbi irin wancan. Muka koma Gulma noma. Wannan karon na ce lallai a faɗa masa nan zai dawo ya koyar. Hedimasta ya ce, "To, kai ad da ciwon. Kai za ka hwaɗa mai."

A tasha na ja yaron gefe. Ya cire takalmi ya rusuna, ya ce, "Na'am, Malam." Na dubi idonsa cike da murna, na kasa faɗa masa. Na ce, "Allah shi kai ka lahiya."

Washegari na shiga makaranta na tarar an shigo da bencinan ajinsa ɗakina.